Zare: ɗan akwatin "Ka tabbata?" da ya kusa raba Kawuna da abokin cinikinsa

1/ Yau zan yi magana a kan abin da mu masu haɗa manhaja muke raina wa: ɗan akwatin nan da ke fitowa a fuskar waya ya tambaye ka "Ka tabbata?", da ratar da ake bari a gefensa. Saboda shi na kusa raba Kawuna da mutumin da suka fi shekara ashirin suna ciniki. Zare ne, a yi haƙuri da tsawonsa 🧵

2/ Bari in faɗi matsayata tun yanzu. In za ka tambayi mutum a kan abin da yake kallo, kada ka rufe masa abin da yake kallon. Fito da ƙaramin allo a kai, ka bar rata. Amma ratar da ta zo maka a shirye daga Google ba da wayar Kaura aka auna ta ba, kai za ka auna da kanka.

3/ Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne a Kaura Namoda. Gero, dawa, wake. Ranar Alhamis yana kasuwar Shinkafi in hanya ta yi kyau, kuma yana da mutane a ƙasar Zurmi da ke karɓar kaya bashi, sai kaka ta yi ko sun sayar da dabba su biya. Rabin cinikinsa a kan amana yake tafiya.

4/ Kaura dai garin ciniki ne tun da layin dogo ya iso a 1929 ya tsaya nan. Jirgin ya daɗe da daina zuwa, bashi bai daina ba 😅 Littafin Kawu wani tsoho ne mai jan bango, ya sha ruwa ya sha mai, wani shafi boko wani ajami, shi kaɗai ke gane kansa.

5/ Ni kuma ina aji uku, kimiyyar kwamfuta, na koyi Flutter a YouTube da datar dare, kai ya ɗan kumbura. Wani hutu na ce Kawu kawo littafin nan in zuba maka shi cikin waya. Ya dube ni ya ce, "To ɗan boko, in dai ba ta bukatar sabis."

6/ Yana da hujja. Duk wanda ke Zamfara a Satumbar 2021 ya san lokacin da aka kashe layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, sai ka tsallaka wata jiha kafin ka kira ɗan'uwanka. Don haka na gina ta komai na zaune cikin wayar, ba ruwanta da intanet. Wannan ɓangaren na yi daidai.

7/ Ga inda na kwafsa. Jerin sunaye ne, kowa da abin da ake bin sa. In mutum ya biya ka danna sunansa, sai sabon shafi ya rufe fuskar wayar ruf: fari fat, layi ɗaya a tsakiya, "Ka tabbata an biya?", maɓalli biyu a ƙasa. Na ga ya yi kyau. Har hotonsa na tura wa 'yan ajinmu.

8/ Abin da ban lissafa ba, Kawu na da mutum biyu masu suna ɗaya, har sunan uba ɗaya. A wajenmu wannan ba labari ba ne, ku duba rajistar ajinku ku gani. Ɗaya mutumin Moriki, ɗaya na Dauran. A jerin suna manne, ɗaya a kan ɗaya.

9/ Na Moriki ya kawo kuɗin buhu biyu na wake ana tsakiyar cin kasuwa. Kawu na riƙe da waya a hannu ɗaya, ɗayan yana ƙirga, rana a ka, ana kiran sa ta ko'ina. Yatsa ya sauka kan na Dauran. Shafina ya rufe komai ya ce ka tabbata? Ya tabbata mana, kuɗi na hannunsa. Ya danna.

10/ Bayan sati uku ya aika a tuna wa na Moriki bashinsa. Dattijon nan ya yo takakkiya har Kaura, ta hanyar da ku kun san yadda take yanzu, don kawai ya ji daga bakin Kawu cewa shi ake tuhuma da cin bashi. Ina shagon ranar. Ban taɓa ganin Kawu ya rasa abin faɗa ba sai a wurin.

11/ Abin da ya cece mu, yaron shago ya tuna ranar da aka kawo kuɗin, kuma na Dauran da aka tuntuɓe shi ya ce shi bai biya ko sisi ba. Allah Ya saka masa da alheri. Da ya yi shiru, da kuɗi sun tafi, da zumunci ya bi su.

12/ Da dare Kawu ya kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Wanga abu naka, in zai tambaye ni, don mi shika ruhe mani sunan mutum? Ni in ina sokewa ga littahi, ai ina kallon sunan wanda nika sokewa."

13/ Na rasa amsa. Na koma na karanta ƙa'idojin Material Design na Google, waɗanda da can nake tsallakewa in tafi wajen kwafe kod. Ashe a rubuce yake: shafi mai rufe fuska duka na aiki ne mai matakai, kamar cike fom. Tambaya guda ɗaya, ƙaramin akwati ake yi mata.

14/ Apple ma sun bi ta nan. Daga iOS 13, a 2019, shafin da ya taso a kan wani ya daina cinye fuskar duka, sai ya zo kamar kati, ana hango na bayansa ta sama. A iOS 15, 2021, suka ba da damar ya tsaya a rabin fuska. Ba don ado suka yi ba, don kada mutum ya manta inda yake ne.

15/ Ga waɗanda ba 'yan kod ba, abin kashi uku ne. Akwai akwatin kansa. Akwai labule, wato ɗan duhun da ke sauka a kan shafin baya. Sai rata, filin da ke tsakanin akwatin da bakin waya. Ta wannan ratar kake hango inda ka fito, ka san ba wani wuri aka kai ka ba.

16/ Mu da muka tashi da waya ba ma jin wannan. Amma ku lura da iyayenmu: da zarar fuska ta canza gaba ɗaya sai ka ji "ta ɓace min", a miƙo maka wayar. In ƙaramin akwati ne a kan abin da suka sani, hankalinsu kwance, sun san mayafi ne aka ɗora, abinsu na ƙasa.

17/ To na gyara. Na sa akwatin Flutter yadda ya zo, na rubuta sunan mutum da garinsa da kuɗin a ciki. A wayata ya zauna ɗas. Na kai wa Kawu ina taƙama. A wayarsa kuwa: sunan ya fito, sunan uba ya fito rabi, sai ɗigo uku. Garin, wanda shi ne kaɗai bambancin mutanen biyu, ya yanke 🤦🏾‍♂️

18/ A nan zan ɗan daɗe, don nan ne yawancinmu ke faɗawa. Android na auna fuska da wani ma'auni da ake kira dp. Wayoyi da yawa faɗinsu 360dp ne ko sama. Akwatin Flutter kuma, in ba ka taɓa shi ba, yana barin ratar 40 a dama, 40 a hagu, 24 sama da ƙasa.

19/ Yi lissafi. 360 a cire 80, saura 280. Kuma 280 ɗin shi ne mafi ƙanƙantar faɗin da Material ya ce akwati ya kasance. Wato an auna abin ne ya zauna cif a kan waya mai 360. Ƙasa da haka kuwa kowa tasa ta fisshe shi.

20/ Wayar Kawu ƙaramar itel ce, irin masu ɗigo 480 a faɗi, wanda ke zama 320dp. 320 a cire 80, saura 240. A cikin akwatin ma akwai wata ratar 24 kowane gefe kafin rubutu ya fara. Saura 192. Kashi 40 cikin 100 na faɗin wayar ya tafi a fili, ba a rubuta ko harafi ɗaya ba.

21/ Ƙari a kan haka, Kawu ya haura hamsin, ya ƙi tabarau, don haka mai gyaran waya ya ƙara masa girman rubutu har ƙarshe. Wannan ba laifi ba ne, haƙƙinsa ne. Android 14 ma ya ba da damar a kai rubutu ninki biyu. Kai da ka gina akwati da rubutu ɗan mitsitsi a ranka, kai ke da matsala.

22/ Abin takaicin, ba za ka taɓa ganin wannan a laftof ɗinka ba. Wayar gwaji ta cikin Android Studio Pixel take kawo maka. Wa ke riƙe da Pixel a kasuwar Shinkafi? Tecno ne, itel, Infinix, duk 'ya'yan Transsion, da yawansu masu Android Go, wasu sun wuce hannu uku kafin su iso.

23/ Abin da na yi: na rage ratar zuwa 16 ta insetPadding. A wayar Kawu akwatin ya koma 288. Ana hango baya har yanzu, amma rubutu ya samu wurin numfashi. Na hana yanke suna, in bai isa layi ɗaya ba ya sauko na biyu. Garin na ba shi layinsa shi kaɗai, da baƙin rubutu mai kauri.

24/ Kuma na sa cikin akwatin ya riƙa gungurawa in ya yi tsawo. A AlertDialog wannan a kashe yake zuwa, sai ka kunna. Ku kula: zanen rawaya da baƙi da Flutter ke nuna maka in abu ya yi ambaliya, a lokacin gwaji kawai yake fitowa. A wayar mai amfani shiru zai yanke, ba wanda zai gaya maka.

25/ Wani abokina ɗan Poly ta Kaura ya ce, to me ya sa ba za ka mayar da ratar sifili ba ka huta? Amsa biyu. Ta farko, ka koma gidan jiya, akwatin ya zama shafi. Ta biyu, je ka teburin mai caji ka dubi wayoyin da ke jere. Ina suke fara fashewa? Gefe da kusurwa.

26/ Gefen waya shi ne inda gilashi ke tsagewa, inda gilashin kariya ke ɗagowa ƙura ta shiga, inda taɓawa ke mutuwa. Maɓallin da ka manna a bakin fuska, a wayoyi da yawa na nan, ka sa shi ne a maƙabarta. Ratar 16 ɗin nan tana janye maɓallanka zuwa inda wayar ke da rai.

27/ Sai maganar labule. Flutter na sa baƙi mai kaurin kashi 54. A ɗaki da daddare ana ganin baya sarai. A kasuwa da azahar, ga hasken waya an rage shi don caji kuɗi ne, bayan nan baƙi ƙirin yake komawa. Na rage kaurinsa, ya ɗan taimaka, amma rana ta fi ƙarfin kod ɗina.

28/ Wannan ya sa na gyara tunanina kaɗan, kuma gara in faɗa. Rata na gaya wa mutum inda yake. Ba ta isa ta gaya masa abin da zai amince da shi ba. Suna, gari, adadi, dole su kasance a cikin akwatin. Kada ka dogara da cewa zai leƙa baya ya karanta.

29/ Maɓallan ma na canza. "Eh" da "A'a" ba sa cewa komai ga wanda bai karanta tambayar ba, kuma ba mai karantawa in ana kiran sa. Yanzu ɗaya na cewa "Soke bashin na Moriki", ɗayan "Koma baya". Ko maɓallin kaɗai ido ya kama, ya ga garin.

30/ Tsayin kowane maɓalli bai gaza 48dp ba, yadda Google ya ce, kuma na jera su sama da ƙasa da tazara a tsakani. Yatsan wanda ya shekara talatin yana ɗaga buhu ba irin namu ba ne na masu danna kibod.

31/ Yanzu ga inda na san za a yi min ca. A Flutter, in ka taɓa wajen akwatin, a kan labulen, akwatin rufewa yake. Haka ya zo. Masu zane na son haka, sun ce ladabi ne, kada ka tsare mutum. A yawancin wurare na yarda da su. A maganar kuɗi ban yarda ba.

32/ Dalili: Kawu na riƙe waya da dukan tafinsa. Gindin babban yatsa ya shafi gefe, akwatin ya ɓace. Shi a ganinsa aiki ya yi, tunda tambayar ta tafi. Sau biyu yana ce min ya soke bashi ya dawo. Bai dawo ba, bai taɓa sokuwa ba ne. Ratar da na bari don taimako ta zama maɓallin da ba a gani.

33/ Don haka a duk akwatin da ya shafi kuɗi na kashe barrierDismissible. Sai ka danna ɗaya cikin biyun, ko maɓallin komawa na wayar. Masu rubutu da Kotlin, naku setCanceledOnTouchOutside ne. A akwatin zaɓen kwanan wata ko tace jeri kuwa na bar shi, ba abin da za a rasa.

34/ Akwai hujja mafi ƙarfi a kaina, kuma ba zan ɓoye ta ba. Aza Raskin ya yi rubutu tun 2007 cewa gargaɗi ba ya aiki, don hannu na sabawa ya danna kafin ido ya karanta, abin da ya fi shi ne ka bar mutum ya iya janye abin da ya yi. Gaskiya ne. Ni kaina haka nake danna su.

35/ Amma janyewar da aka saba yi, ɗan saƙon da ke leƙowa a ƙasa na 'yan daƙiƙu ya ɓace, an yi ta ne don wanda idonsa ke kan waya. Kawu na dannawa ya jefa ta aljihu ya juya ga mai awo. Kuskurensa sai bayan sati uku ya bayyana. Daƙiƙa huɗu ba ta yi masa komai.

36/ Sai na haɗa biyun. Akwatin na nan. Kuma bashin da aka soke ba ya gogewa, yana komawa wani shafi da layi a kansa da ranar da aka soke, ana iya dawo da shi ko bayan wata shida. Daga baya na lura littafinsa mai jan bango haka yake yi tun asali. Bai taɓa yage shafi ba.

37/ Inda za a rubuta adadi, misali an biya rabi, na bar akwatin tsakiya na koma wanda ke tasowa daga ƙasa. Kibod na cinye kusan rabin ƙaramar waya, akwatin tsakiya sai ya matse. Na ƙasa kuma yana kusa da babban yatsa, kuma sunan mutumin na nan a sama ana kallo.

38/ Wanda zai yi wannan ya kula da sandar ƙasan waya. Daga Android 15, manhajar da aka gina dominsa tana shimfiɗuwa har ƙarƙashin sandunan sama da ƙasa. In ba ka sa SafeArea ba, maɓallinka na ƙarshe zai kwanta a bayan maɓallan wayar. Rata ce ita ma, wayar ce ke gaya maka girmanta.

39/ Ɗan ratse. Yawancin ƙananan allon da mutanenmu ke gani kullum ba don taimakonsu aka yi su ba. Talla ce ta rufe fuska, alamar rufewa ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero a can kusurwa. Wanda ya zana ta ya san ilimin rata sarai, ya juya shi ne a kanka.

40/ Google Play ya kafa doka a 2022 cewa tallar da ta rufe fuska dole a iya rufe ta bayan daƙiƙa 15. To amma mu nan rabin manhajojinmu ta Xender suke zuwa daga wayar aboki, ba su taɓa bi ta Play ba balle doka ta gan su.

41/ Illar a kanmu take sauka. Mutumin da talla ta koya wa cewa duk abin da ya taso a fuska maƙiyi ne, burinsa ya kawar da shi da sauri. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutanen nan suka shiga tiransifa ba shiri. Da wannan hannun mai saurin kawarwa suke tabbatar da tura kuɗi.

42/ Shi ya sa nake ganin akwatin kuɗi bai kamata ya yi kama da talla ko kaɗan ba. Ba launi mai ihu, ba hoto, ba 'yar alama a kusurwa. Suna, gari, adadi, maɓalli biyu masu faɗin abin da za su yi. In ya yi kama da takardar da ɗan kasuwa zai rubuta da hannunsa, ka kusa.

43/ 'Yan ajinmu masu furojet, roƙona ɗaya. Kafin ku kai wa malami, ku ari wayar mai gadi ko ta mai shayin bakin hostal. Ku ƙara girman rubutu har ƙarshe, ku rage haske, ku fita rana, ku riƙe da hannu ɗaya. Ku sa suna mai tsawo irin namu, mai Muhammadu da sunan uba da laƙabi da gari. Minti goma ne.

44/ Abin da ya rage min yanzu ajami ne. Kawu ya fi sauri da shi, yana so sunayen su fito haka. Rubutun daga dama yake farawa, ni kuma duk ratar cikin akwatin da "hagu" da "dama" na rubuta ta, maimakon "farko" da "ƙarshe" da ke juyawa da kansu. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya taɓa yi ya yi min magana don Allah.

45/ Dattijon Moriki ya ci gaba da karɓar kaya, alhamdu lillahi. Sai dai duk ranar da ya kawo kuɗi, ba ya tashi sai Kawu ya juyo masa da wayar ya ga garinsu a cikin akwatin da idonsa, sannan ya ce a ɗauko jan littafin a soke a can ma. Kawu na ɗaukowa.